Kafaɗar Inna mai kitso

Sama da shekara arba'in Inna mai kitso ta yi a kan 'yar kujerarta a bakin ɗaki, kan wata mace a cinyarta, tsinke a hannunta. Da kitson nan ta raini 'ya'ya uku bayan rasuwar mijinta. Ni ma ita take min tun ina 'yar makaranta. Hannunta da zafi, bakinta ya fi. In kika motsa sai ta dungure miki ƙeya ta ce, "Ke, kan naki a kan taya yake?"

Kafaɗarta ta dama ta daɗe tana damunta, tana shafa man zafi tana ci gaba. Ranar da ta miƙa hannu za ta sauko da akwati daga saman durowa, ta ji wani abu ya tsinke. Likita ya ce jijiya ce ta yage, aka yi mata aiki. Sati shida hannun yana rataye a wuyanta, ko ɗankwali sai an ɗaura mata.

Da za a sallame ta, likita ya ce, "A shekarunta, in ɗinkin ya sake buɗewa, gyaransa da wuya. A kula." Iyakar abin da babbar 'yarta ta ji ke nan. Sauran bayanin, na zuwa gashin ƙashi da motsa hannu kullum, a asibitin ta baro shi.

Ta tafi da Inna gidanta, ta ajiye ta a ɗakin sama mai fanka da talabijin. In Inna ta ɗauki buta, sai 'yar ta ce, "Umma, ajiye, za ki fama!" Ta ɗauki tsintsiya, a ƙwace. Sau uku aka kai ta gashi. A na ukun zafi ya sa ta hawaye, 'yar ta ce ba za a ƙarasa mata uwa tana kallo ba, aka daina zuwa.

A wata na huɗu na je duba ta. Ko gaisuwa ba mu gama ba ta ƙura wa kaina ido.

"Wace maƙiyiyar taki ce ta yi miki wannan kitson? Zauna nan."

Na zauna a ƙasa. Ta warware layi ɗaya, ta tsaga da bayan cokalin shayi. Tsagar ta fita sak. Sai ga 'yar ta shigo.

"Haba Umma! Ke kuma, baiwar Allah, in ta fama ke za ki yi jinya?"

Na tashi da kunya, na rufe kaina. Inna ta mayar da cokalin cikin kofi.

Wata bakwai da aikin suka koma asibiti. Likita ya ce ta ɗaga hannu. Ko daidai ƙirjinta bai kai ba.

"Ɗinki lafiya lau," in ji shi, "amma kafaɗar ta ƙage. Mama, ba kya motsa ta ne?"

Kafin ta buɗe baki 'yar ta riga ta. "Wallahi likita, kullum sai na yi mata magana. Ka san tsofaffi da taurin kai."

Inna ce da kanta ta ba ni wannan labarin, bayan ta tattara ta koma ɗakinta, 'ya'yan suna ta faɗa. Masu zuwa kitso duk sun koma shagon bakin titi. Da hagu take ci, da hagu take shara.

"'Yar taki ba ƙin ki take ba, Inna," na ce. "Tsoro ne."

"Na sani. Da ƙi na take, ai da na san yadda zan yi da ita."

Ta zame ɗankwali. Gashin ya cukurkuɗe, hannun ba ya kaiwa ta taje shi. Na ce bari in kira mata yarinyar shagon.

"Waccan? In zauna a gabanta ina jin tana karkata min tsaga? Buɗe durowar can, akwai almakashi."

Na yi ta ba ta haƙuri, ta ƙi. Na yanke mata gashin tas, ta ce in kwashe in zuba a shara.