Gudun da na sake daga bakin gona

Jama'a, sun karɓa! Tsallen da na daka yau a tsakar gida sai da na kifar wa Inna da garin masarar da ta shanya.

Wata huɗu ina fama da wani tsohon gem, wato wasan bidiyo, na zamanin kaset a kwamfutata. Ba da hannu ake bugawa kai tsaye ba. Manhaja ke tsayar da wasan, kana tsara kowane danni ɗaya bayan ɗaya, har a kai ƙarshe da saurin da yatsa ba zai iya ba. Sai ka tura wa alƙalan wani dandalin intanet su duba.

Da na tura karon farko, dawo min da shi suka yi. Wai na soma daga inda na ajiye wasan, alhali dokarsu daga kunna na'ura ake farawa. Haushi ya kai ni wajen Baba yana wasa garma, mutumin da bai taɓa taɓa gem ba.

Na ce, "Baba, na fi kowa sauri fa, amma sun ƙi."

Ya ce, "Daga ina ka soma?"

"Daga tsakiya."

Ya kwashe da dariya. "A gayyarmu ta Kuyello, wanda ya shiga kunya daga tsakiya, ko ya riga kowa fita, makaɗi ba ya kiran sunansa. Koma bakin gona."

Na koma, na sake shi tun daga farko. Yau makaɗi ya kira sunana!

Ku fa, wa ya taɓa mayar da ku bakin gona?