Yatsan da Ba a Sa wa Lalle Ba

Tun da na dawo daga karatu a waje nake shakkar ko ƙuri'a tana canza wani abu a Bawku, garinmu da ke kusa da iyakar Togo. Ranar zaɓe ma, gefe na tsaya ina kallon layi.

Ga wata dattijuwa gajera a layin, mayafinta yana warin albasar kasuwa. Hannayenta sun sha jan lalle, amma ta bar ƙaramin yatsan hagu babu ko ɗigo, don tawadar zaɓe ta fito sosai. Ina jin a zango, unguwar baƙi ta garin nan, aka haife ta, iyayenta kuwa daga ƙetaren iyaka suka zo, domin wani mai babur yana ta tsokanarta: "Mma Salimatu, layin 'yan Togo yana can gaba!"

Ta mayar masa, "Kakarka ce 'yar Togo, Sulley!" Layi ya kaure da dariya.

Da ta fito tana busa yatsan, na gaishe ta, na ce, "Mma, idan wanda kika zaɓa ya faɗi fa?"

Ta ce, "Ya faɗi mana, ɗana. Ni dai gobe a kasuwa, duk wanda ya kira ni baƙuwa, yatsan nan zan ɗaga masa."