Shekarun da Akawu Ya Rubuta Mini

Ban yi boko ba. Faɗa nake ana rubuta muku, kuma na ce kada a gyara mini ko kalma ɗaya. Zamanin Shagari ina naɗe alawa a wani kamfani a Bompai, ba macen da ta kai ni saurin hannu. Ranar da aka ɗauke ni akawu ya tambayi shekaruna, na ce ban sani ba. Ya dubi fuskata, ya yi dariya, ya rubuta ashirin da biyu a katina. Mahaifiyata kuwa ta sha gaya mini ina goye aka tafi da ƙaninta yaƙin Bama. Na bar maganar wadda ta haife ni na kama ta takarda, don ta fi daɗin ji.

Dokar wurin, duk wadda cikinta ya fito ta ajiye kati a bakin ƙofa. Maigidana, mai aikin fata a Challawa, ya yi ta roƙona mu haifi ko ɗaya ne. Na ce masa yarinya ce ni, ga shi a rubuce, ya bari in zama shugabar layi tukuna. Shekara shida ina haɗiyar ƙwayar hana ɗaukar ciki. Da na daina, al'ada ta fara yi mini wasa, har ta ɗauke gaba ɗaya. Wata mai magani a Dorayi ta shafa marata, ta ce ciki ne ya kwanta, za ta tashe shi. Shekara uku ina shan sassaƙe mai ɗaci. Na sayi zanen goyo, na gaya wa dangin maigidana, har suna sai da na zaɓa. Da na je asibiti, nas ta duba ni ta ce ba kowa a ciki, girma ne ya zo. Na zaro katin na dangwara mata a tebur. Ta ce in yi haƙuri, mahaifa ba ta iya karatu ba.

Har gobe ina jin haushin akawun nan, da mai maganin, da kamfanin da ya rufe ko sallama babu. Amma na fi jin haushin kaina, don maigidana ya rasu bai taɓa yi mini gori ba. Haihuwa ta Allah ce, na sani, sai dai ni na ce a jira. Mata, shekarunku ku tambaye su wurin iyayenku, kada ku biye wa mai yi muku rangwame. Katin yana nan cikin adakata, na naɗe shi a zanen goyon.