Geron da Ya Tsiro a Katanga

A Dakko, in ka ga tsohon soro ya kai yau bai zube ba, to ko Mainasara ne ya gina shi ko mahaifinsa. Magini ne ɗan magini, ya kuma gaji taurin kai tare da sana'ar. Al'adar gidansu ita ce ba a ɗora tubali sai an ɗanɗana ƙasar a harshe. Da bulo da siminti suka ci kasuwa, aka daina sallama da shi, abin kuwa ya ci masa rai ƙwarai. Ya koma noma ba don yana so ba. Gonarsa ta jeji 'yan bindiga sun hana zuwa, sai ta bakin gari ta rage, ita ke riƙe da shi da matarsa Baturiya.

Ana nan sai wani kamfanin shinkafa da ke saye a hannun manoman Bakolori ya tashi gina babban ofishinsa a Talata Mafara. Mai zanen ginin, wata matashiya Khairiyya, ta ce na laka za a yi, mai kaurin bango yadda zai riƙe sanyi ba sai da na'ura ba, wutar lantarki kuma daga hasken rana. Sharaɗinta guda, kada ginin ya ɓata ƙasar noman kowa. Ta nemi tsohon hannu, aka kai ta ƙofar Mainasara.

Ranar da ya ji mai ilimin boko na neman laka, sai da ya yi ƙwalla. Amma duk ƙasar da aka kawo masa, in ya lasa sai ya tofar.

"Ɗiyata, wagga ba ta ɗaukar bene," in ji shi. "Na san inda ƙasa take."

Ya kai ta gonarsa. Rani ne, an share karan, ba ka ganin komai sai jan fili. Ta tambaye shi ko ana noma wurin, ya ce fako ne, ko ciyawa ba ta fitowa. Ta yarda, don ba ta zaci dattijo zai yi ƙaryar da shi za ta cuta ba. Shi kuwa ba abin duniya ya ja shi ba. So yake ya bar gini guda da za a riƙa nunawa bayan ransa.

Baturiya ce ta tare shi a zaure. "Malam, gona guda ɗai tar rage muna. Bango za mu ci?"

Ya ce gefe kawai za a ɗiba. To, bene ba ya ƙoshi da gefe. Duk sa'ad da ƙasa ta ƙare, shi da bakinsa yake ce wa masu tifa su ƙaro, har ya kwashe ƙaiƙayin geronsa na bara aka cuɗa da ita don yaɓen katanga. Kwaɗayi mabuɗin wahala, ko da na suna ne.

Gini dai ya yi kyau, ba a musu. In ka shiga da tsakar rana a watan zafi sai ka ji kamar kana gindin randa. Ranar buɗewa aka kira sunan Mainasara aka tafa masa, Khairiyya ta shaida wa baƙi da zuciya ɗaya cewa ba gonar da aka taɓa. Yana tsaye ya sunkuyar da kai.

Damina ta faɗi, maƙwabta suka fita shuka, tasa gonar ta zama kududdufi. Baturiya ba ta ƙara tayar da maganar ba, ta kama surfen aikatau a gidajen da Mainasara ya gina. Wannan shirun ya fi masa zagi zafi.

Kamfani ya riƙe shi don duba yaɓe. Bayan ruwa ya zauna, yana zagaya katanga sai ya ga tsiro kore shar ya fasa yaɓen. Ko bai matsa ba ya gane, geronsa ne, irin da ya gada daga mahaifinsa, wanda ya saura a cikin ƙaiƙayi. Ya daɗe yana kallonsa. Shi ne dai magini, ya fi kowa sanin abin da saiwa ke yi wa bango. Ya sa yatsa ya tumɓuke shi, ya toshe gurbin da laka. Geron da ya girba ke nan a shekarar.