Kukan da Aka Tono Gida da Shi

Iya, kakata ta wajen uba, ba ta yin tatsuniya sai lokacin sanyi. Ta ce da zafi kunnen yaro ba ya zama wuri ɗaya. In an idar da sallar isha sai ta ja kujerarta kusa da murhu, ta tura dankali cikin toka, mu jikoki mu kewaye ta, kowa ya ja rigarsa ya rufe gwiwa. Ni take zaunarwa a damanta, wai ni ne mijinta, ko da yake kullum sai ta yi min gorin ban taɓa kawo cefane ba.

"Ga ta nan tafe, ku matsa mata," haka take farawa. Mu kuma mu ce, "Ta zo ta sha ɗumi."

Akwai wadda na fi so, ta wata ƙasa inda ƙanƙara ke sauka da laushi kamar auduga. Na taɓa tambayarta ko ta taɓa ganin irin wannan ƙanƙarar. Ta harare ni ta ce, "Kai ka taɓa ganin aljani, maigida? Amma ga shi sai an raka ka bayan gida."

A ƙasar akwai wani maƙeri da matarsa da tsohuwarsa da jariri ɗan kwana arba'in. Maƙerin mutum ne mai son rufin asiri, ko gishiri bai taɓa aika a roƙo masa ba. Wata shekara ƙanƙarar ta yi kwana bakwai tana zuba, har ta binne gidansa, rufi da komai. Itace ya ƙare, suka ƙona turmi, suka ƙona taɓarya. Hatsi ya ƙare, nonon mai jego ya janye. Da jaririn ya buɗe baki sai maƙeri ya ce, "Ku rarrashe shi, kada maƙwabta su ce mun kasa." Matar ta sa masa yatsa a baki ya tsotsa.

Ashe mutanen gari suna can sama da fartanyu suna nema, amma ko'ina fari fat, ba su san inda za su tona ba. Ran nan tsohuwar ta karɓi yaron, ta zare yatsan uwar daga bakinsa. A nan Iya kan rage murya irin ta tsohuwar ta ce, "Ku bar shi ya faɗa, tunda mu kunya ta ɗaure mana baki." Yaro ya tsala kuka, na sama suka ji, suka tono gidan. Sai Iya ta kakkaɓe zaninta ta ce, "Na ajiye ta nan, mai so ya ɗauka." Mu dai dankali muke ɗauka.

Na girma, Iya ta rasu, karatu ya kai ni Kuala Lumpur, garin da ko rigar sanyi ba a buƙata. Muna zaune a hawa na tara na wani bene a unguwar Wangsa Maju, ni da matata Rukayya da 'yarmu Nana mai wata huɗu, korona ta zo aka kulle gari. Ana cikin haka Rukayya ta kamu, numfashi ya yi mata wuya, aka wuce da ita asibiti. Ni aka ce kada in leƙa ko ƙofa. Aka bar ni da yarinyar da ba ta san komai ba sai nonon uwarta.

Na sa aka kawo madarar gwangwani da kwalbar shayarwa. Nana ta ƙi. In na sa mata sai ta turo da harshe ta sandare tana kuka. Ni kuwa abin da ya dame ni kada maƙwabta su ji. Baƙo ne ni, baƙar fata, ga cuta ta shigo gidana. Na rufe tagogi, na kunna fanka da ƙarfi, na riƙa shiga da ita banɗaki ina jijjigawa. Mahaifiyata ta kira daga gida na ce mata lafiya lau. Abokan karatu suka tambaya, na ce komai daidai. Kwana biyu abin da ya shiga cikin Nana bai cika kofin shayi ba.

A rana ta uku da hantsi na lura kukanta ya rage ƙarfi, ƙyallen fitsarinta kuma tun asuba a bushe yake. Tsoro ya kama ni irin wanda ban taɓa ji ba. Ina tsaye a banɗaki da yatsana a bakinta, sai na ga kaina sarai, ni ne maƙerin Iya. Na fito, na buɗe tagar da ke kallon baranda, na tsaya da ita a wurin.

Ba a jima ba aka ƙwanƙwasa. Dattijuwar da ke ɗaki na gaba ce, wadda muke kira Makcik, kamar a ce gwaggo. Shekara biyu gaisuwa kawai ke haɗa mu. Ta bayan ƙofa, cikin Turanci gauraye da yaren ƙasar, ta ce, "Ina maman? Baby ba ta makan?" Wato ba ta cin abinci. Na faɗa mata gaskiya.

"Ajiye kwalbar nan," in ji ta. "Ɗauko ƙaramin cokali. Zaunar da ita, ɗiga kaɗan a gefen baki. A hankali lah."

Ta jawo kujera ta zauna a waje da takunkuminta, tana ƙirga min cokali. A na shida Nana ta haɗiye, ta buɗe baki da kanta. Makcik ta sa ɗanta ya kira layin likita, kuma har Rukayya ta dawo ba a fasa rataya min abinci a ƙofa ba.

Da ina yaro na ɗauka jarumar tatsuniyar tsohuwa ce, maƙeri kuma wawa. Yanzu ina tausayinsa, don na san ba mugunta ba ce, tarbiyya ce aka yi mana ta haɗiye wahala a ce alhamdulillahi. Tarbiyya ce mai kyau, amma ni na kusa biyan kuɗinta da ran 'yata.

Da yammacin ranar da Makcik ta ƙwanƙwasa min ƙofa, mahaifiyata ta sake kira, ta ce, "Ya kuke, ya yarinyar?"

Na ce, "Hajiya, ba lafiya. Zauna in faɗa miki."