Jahannamiyya a Saman Benenmu

Shekarar da muka koma unguwar Hindawiyya a Makka na ƙudurta sai na ga fure a saman benenmu. Babu komai a wurin sai tankin ruwa da igiyar shanya da tattabarun da ba su da mai su. Duk abin da na shuka, kafin sati biyu ranar Makka ta soya shi. Har na'ana'a, da ake cewa ba ta mutuwa, a hannuna ta cika.

Wani mai sayar da shuke-shuke a hanyar Kudai ya ji kukana, ya ɗauko min wata mai ƙaya a baƙar leda. Ya ce wannan ba ta tsoron rana, shekara da shekaru za ta yi, sai dai ba ta gaggawa. Sai zafi ya fara sauka, wajen ƙarshen shekara, sannan za ta yi jawur. Na tambayi sunanta, ya ce, "Jahannamiyya."

Kuskuren da na yi, na maimaita sunan a gaban Gwaggo, yayar babana, wadda ta zo aikin hajji tun ban san kaina ba, ta yi zamanta, kuma a gidanmu take.

Ta ajiye carbi. "Me kika ce?"

"Suna ne kawai, Gwaggo. Larabawa ne suka sa mata."

"Mutane na sayar da gona su zo garin nan neman aljanna, ke kuma kin shiga tasi kin ɗauko mana jahannama, har kin hau da ita sama?"

Daga ranar ta daina shanya a gefen da tukunyar shukar take. In ta hau, sai ta yi a'uziyya ta bi ta bayan tanki. Ni kuwa na riƙi shukar nan kamar jaririya. Na kafa bokiti a ƙarƙashin mukayyif, na'urar sanyaya ɗaki, ruwan da yake ɗiga in kai mata safe da yamma. Shekara biyu cur ganye kawai, kore shar, ko ɗigon ja babu. Maigidana ya ce ko dai a gwada ta a miya.

A shekara ta uku, zafi ya fara sauƙi ke nan, ƙanwata ta haihu a Jidda, na tafi taya ta jego. Na roƙi Gwaggo ta riƙa ba shukar ruwa. Ta ce, "In sha Allah," tana kallon bango. Ko cokali ɗaya ba ta zuba mata ba. Maigidana ne, in ya tuna, yake watsa mata ɗan kofi.

Bayan wata guda na dawo, na hau da gudu, na riga na shirya kuka. Sai na tarar rabin ganyen ya zube, amma kowane reshe ya cika da ja, har wani ya leƙa titi. Daga baya mai sayar da shuke-shuken ya ce min ai haka halinta yake, ƙishi ne ke sa ta fure, ni ce na dame ta da ruwa.

Gwaggo ba ta karɓi wannan bayani ba. Washegari na same ta a kujera dab da tukunyar, tana shan shayi.

"Gwaggo, ba ke ce ba kya bin gefen nan ba?"

"Da ke nan. Yanzu ta tuba. Horo na yi mata, ta ji a jikinta." Ta kurɓi shayi. "Kuma kada in sake jin wancan sunan. Hajiya za ki riƙa ce mata."

Da la'asar ta aika wa maƙwabtanmu mata uku su zo su ga furenta, ni kuma ta ce in sauka in dafa musu gahawa.