Hoton Bana a Jikin Ganuwa

Sai da mai keke ya juyo a shataletalen PZ ya ce, "Hajiya, ta wace ƙofa za mu shiga?" sannan na gane ban san inda za mu ba.

Duk hutun makaranta marigayi mijina yakan ɗauki yaranmu biyu daga Samaru zuwa cikin birni. Yakan tsayar da su wuri ɗaya a jikin tsohuwar ganuwa ya ɗauke su hoto, don a ga tsawon da suka ƙara. Ni ina gida ina girki. Ban taɓa bin su ba.

Na ce wa babbar, "Ladi, kin gane wurin?"

Ta ce, "Mama, akwai rimi a gefe."

Mai keke ya yi dariya. "Rimi a Zariya? Ai sai mu wuni muna zagaye."

Ƙaramin ya ce a kira Baba a tambaye shi.

Mun zaga har la'asar, muka dawo gida.

Na sa hoton bara a ƙasan wannan rubutu. Mutanen birni, wanda ya gane wurin don Allah ya faɗa mini. Har yanzu ba a ɗauki na bana ba.